Malam Seydou da Kwalaben Ruwan Dutse

Duk ranar Talata, da ya idar da sallar asuba, Malam Seydou kan loda kwalabe a akwatin ƙanƙara ya bar garin Greensboro, tuƙin awa uku zuwa duwatsun yamma. Can ya binne bututai a gangaren daji, suna tara ruwan da ke tsatsowa ta cikin ƙasa. Ya ɗebo, ya tace, ya kawo ɗakin gwajin jami'a a auna sinadarin kabon da ruɓaɓɓen ganye ya sake a ciki. Shekara goma sha tara ke nan. Wannan watan zai ajiye aiki.

Nasiba ɗalibar digiri na uku ce, mai ji da kanta, kuma ta isa. Ta gina lissafi a kwamfuta mai hasashen yadda kabon ke bin ruwa daga tudu zuwa rafi. Komai ya daidaita, sai awon lokacin zubar ganye da ya yi sama fiye da kima. A taron mako, gaban farfesa, ta ce, "Kwalaben ne ba a wankewa da kyau." Nan take aka fara maganar watsar da awon, na duk shekarun. Mu 'yan yarensa da ke wurin muka sunkuyar da kai.

A bakin ƙofa Malam Seydou ya tare ta. "Bon, to 'yata, Talata ki zo da takalmin ruwa."

"Baba, ina da aiki."

"Kwamfutar ba ta da ƙafa, za ki tarar da ita."

Ranar Talata, ana tsuga ruwa suka isa dajin. Ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo, ya yaye ganye, ya nuna mata ramin da tsohuwar saiwa ta bari bayan ta ruɓe. Ruwa na bi ta ciki a guje, ja kamar shayi, cike da kabon, bai tsaya ƙasa ta tace shi ba. Lissafinta bai san da wannan hanya ba. Ta kasa ɗaga ido. Shi kuwa kwalba ya miƙo mata. "Riƙe. Kar ki taɓa bakin."

Ta koma gaban taron ta janye maganarta a tsaye. Wata bakwai ta ɗauka tana sake lissafin, ba a goge awo ko ɗaya ba.

Malam, kai ne aka zarga a bainar jama'a, ka rama da koyarwa. Mun gode. Masu tasowa, ku je ku ga ramin kafin ku zargi mai ɗebo ruwa. Nasiba ta nemi gafararka tun bara. Mu da muka yi shiru, sai yau muka samu bakin nema.