Lemon Baƙin Baba

Jiya na ga ana sauke lemon kwalba a unguwar Bacirawa saboda Kirsimeti, sai marigayi Baba ya faɗo mini a rai. A shekarun da taki ya yi wuya, duk Disamba yakan jera kwalabe cikin randa su yi sanyi, don ma'aikatan gona Kiristoci masu rabon taki.

Wata shekara Inna tana kwance da zazzaɓi, leɓɓanta duk sun tsage. Ta ce, "Malam, ko kurɓi ɗaya."

Ya ce, "Na baƙi ne. Ke takin za ki ba ni?"

Baƙin ba su zo ba, Inna kuma ba ta tashi ba.

Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi ranar ƙishirwa, kada a tambaye shi abin da zai bayar.