An Ce Mamata Ta Harzuƙa

A jaridun da jirgin ƙasa ke kawo mana Kafanchan a shekarun saba'in, fushi ma hawa-hawa ne. In babban mutum ne, sai a rubuta ya nuna rashin jin daɗinsa. 'Yan kasuwa kuwa kokawa suke yi. Mu mutanen ƙauye kalma ɗaya aka ware mana, wato harzuƙa. Duk wanda jarida ta ce ya harzuƙa, to, ya saurari ɗan sanda a ƙofar gidansa.

Ina sabuwar malama a lokacin, ni nake karanta wa jama'a jarida a gindin mangwaro bayan sujadar Lahadi. Mamata ce shugabar zumuntar mata ta ƙauyenmu, a ɗakinta ake ajiye tulun da suke bugawa in suna waƙa. Da wani ɗan kwangila ya dinga kwasar yashi a rafinmu har ruwan sha ya koma kamar kunun kanwa, sai ta jagoranci mata zuwa ofishin gunduma. Da anko suka tafi, suna waƙar yabon Ubangiji. Ko tsinke babu wadda ta ɗaga. Suka faɗi kukansu, suka dawo aikin citta.

Wakilin jaridar ɗan ƙauyenmu ne, yaron da ya sha cin tuwon acca a gidanmu. Shi ya rubuta cewa matan ƙauye sun harzuƙa, wata tsohuwa na zuga su. Tsohuwa! Ni na karanta wannan da bakina, Mama na zaune a gabana, don sai da na kai tsakiyar layin na gane da wa ake.

'Yan sanda suka zo suka yi mata tambayoyi. Dattawan ikilisiya suka tsorata, suka ce ta ja musu abin kunya, suka sauke ta daga shugabanci, aka zo aka ɗauke tulun daga ɗakinta. Na tare wakilin jaridar a tasha na ce ya gyara. Ya yi dariya, wai haka ake rubutawa, kalma ce kawai. Na ce masa, "Za ka gani."

Mama ta ci gaba da aikin cittarta. Ni ce na yi ta yawo gida-gida, ina tuna wa matan nan abin da aka kira su. Ban gaji ba, ban kuma ji kunya ba.

Bayan damina biyu wakilin jaridar nan ya zo ɗaurin aurensa a majami'armu, da baƙi 'yan kwat daga Kaduna. A wurinmu matan zumunta ne ke shigo da amarya da waƙa da rawa, auren da ba su rera ba kuwa sai a yi ta zancensa har jikoki. Suka zo kaf, ankonsu fes, suka cika benci. Amarya ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Shiru. Fasto ya yi gyaran murya, ya sake yi. Sabuwar shugabar ta rungume tulun a cinya kamar jariri, tana kallon rufi.

Ango ya taso, gumi na bin wuyan rigarsa, ya durƙusa a gaban Mama. "Mama, don Allah, ki sa baki."

Ta dube shi a natse ta ce, "Ɗana, tsoro muke ji. In muka ɗaga murya, za a ce mun harzuƙa."

Haka amarya ta tako har gaban bagadi, ba a jin komai sai ƙarar takalminta. Ita kam na tausaya mata, shi ko kaɗan. Da aka fito, Mama ta cinye shinkafar bikin tas, har ta aike ni in karɓo mata ƙari.