Takardar da Ta Raba Auta da Kwanonta

Har yau ban sani ba: ƙarya na dangwala wa yatsa, ko gaskiyar da mijina ya kasa faɗa? Ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan, ina faɗa ina share hawaye.

Shekara da shekaru mijina Alhaji yana aika wa 'yan kasuwar Kano kaya daga kasuwar Deira, a nan ƙasar Larabawa inda muke zaune. Lokacin da autarmu ta samu jami'a kasuwa ta riga ta juya masa baya, amma kullum sai ya sa farar rigarsa ya fita kamar da. Auta ta gano wata gidauniya mai biya wa ɗalibai karatu. Sharaɗinsu, ɗalibi ya zama shi ke riƙe da kansa, iyaye ba sa ciyar da shi. Ta samu aiki a wani shago a unguwar Al Qusais. Saura shaidar uwa ko uba.

"Umma, Baba ba zai yarda ba. Ke dangwala kawai."

Ta karanta mini takardar tun daga sama har ƙasa, don haka ba zan ce an yaudare ni ba. Na dangwala, ban gaya masa ba.

Da aka zo mayar da bizarta daga sunansa zuwa na shagon, dole ya gani. Ya daɗe zaune da takardar a cinyarsa.

"Hajiya, ni ne ba na ciyar da 'yata?"

"Alhaji, takarda ce kawai."

"To, ba za a tashe ki maƙaryaciya gobe kiyama ba. Abin da kika shaida, shi za a yi. Khalas, shi ke nan."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Da kansa ya ɗaukar mata akwati zuwa ɗakin da ta kama da wasu 'yan mata. Daga ranar ko lomar gidanmu ba ta sake ci ba. Duk Juma'a takan zo mana unguwarmu ta Hor Al Anz da shawarmarta a leda, shi kuma ya miƙa hannu yana dariya.

"Attajira, ba za a sam wa talakawa ba?"

"Baba, ai ka fi ni ci!"

Ni kuwa ina kicin, tukunya cike da miya, ina kallon yadda wuyanta ya rame. Sau ɗaya na cusa mata dambun nama a jaka. Washegari ta dawo da shi.

"Umma, kada ki rushe wa Baba abin da yake tsare miki."

Shekara uku muka yi haka. Kwanonta mai koren murfi yana kan kantar kicin, na sha kama Alhaji yana goge masa ƙura.

A shekarar korona numfashinsa ya sarƙe, saura wata biyu Auta ta gama. Masu motar asibiti suka ce ba zan bi shi ba. Na so in ce ya yafe mini, sai kawai na bi su har bakin ƙofa. Suna fita da shi da hantsi, fitar da bai dawo ba, ya janye abin shaƙar iskar da aka sa masa a hanci ya kalle ni.

"Hajiya, ranar da ta gama, ki tuƙa mata tuwo da miyar kuka a kwanonta. Ki cika shi. Ki ce Baba ne ya ciyar da ita."