Malam Absalom da Takardun Gidan Zuhudu

Duk Asabar da hantsi, Malam Absalom na unguwar Gwadabawa yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya jera takardu su sha rana, kowace da ɗan dutse a kanta. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ruwan sama kaɗai ke hana shi.

Mai buga tafireta ne a ofishin mishan na Jimeta, bana ya yi ritaya. A 1963 wani tsohon Fada ɗan ƙasar Ailan, da idonsa ya mutu, ya riƙa faɗa masa tarihin wani gidan zuhudu na ƙauyensu, shi kuma yana bugawa. 'Yan zuhudun ɗariƙar Sistashiyan ne masu fararen riguna, sun kafa gidan shekara ɗari takwas da suka wuce, suna noma da kiwon tumaki da addu'a. Wani sarki ya kore su, maƙwabta suka kwashe duwatsun ginin, ko tushe bai saura ba. Fada ya rasu a nan, kwafi ɗaya tak ya bari, a hannun Absalom.

Garar Jimeta kuwa ba ta san tarihi ba. Ya ɗora akwatin a kan benci, ƙafafun bencin cikin gwangwanayen kananzir, duk da haka wata damina ta cinye shafi tara. Matarsa Keturah ta shaida sati biyu abinci bai yi masa daɗi ba, sai da ya sake buga su da ka.

Maƙwabcinsa Bappayo yakan leƙo ta katanga ya ce, "Sobajo, abokina, gida ya ɓace, mai gida ya mutu, kai kana shanya masa kaya!"

"Amana ce, Bappa. Ba a ce mini ta ƙare ba."

Malam Absalom, kai ne mai riƙon amanar wanda ba zai dawo ya tambaya ba. Wasiƙa shida ka aika ƙauyen su Fada shiru, ta bakwai ce ta faɗa hannun wata malamar makaranta, ka buga mata kwafi. Mun gode, Malam, kuma wallahi ka ba mu kunya, mu da takardun iyayenmu ke ruɓewa a ƙarƙashin gado. Kowa ya je ya buɗe nasa akwatin.

Watan jiya amsa ta iso. Mutanen ƙauyen sun bi kwatancen takardun, sun gano kaburburan 'yan zuhudun a wani filin kiwon shanu, sun kewaye su da shinge. Absalom ya karanta sau biyu, ya share ido, ya ce, "To, Keturah, an daina taka su."