Ƙarfen da Na Kafa wa Baba

A bakin wani malamin asibiti na fara jin kalmar relin, a shekarar da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, ina ɗinki a zauren gidanmu a Fagge, Turawa kuma ba su tafi ba tukuna.

Baba bafatake ne. Da ƙafarsa ya zo daga Barno yana saurayi, a bayan jakunan kanwa, ya zauna Kano ya yi aure ya haife mu. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanya, sai ga shi taku goma sha biyu daga ɗakinsa zuwa bayan gida ya gagare shi. Inna ta riga ta rasu, ƙannena mata suna gidajen mazajensu. Matata kuwa suruka ce, ba zai yarda ta taɓa shi ba, ita ma kunya ba za ta bar ta ba. Saboda haka sai ni. Idan yana bukata sai ya buga kwano da cokali, in tsayar da keken ɗinki, in shiga in sa kafaɗa a hammatarsa in ɗaga. Sau biyar, sau shida a yini, ban da alwala. Baba ba ƙaramin mutum ba ne, ciwon ma bai rage masa nauyi ba. Riga ɗaya sai ta kwana uku a ƙarƙashin allura. Har ya kai ina jin ƙarar kwanon a kunnena ko ba a buga ba.

Malamin asibitin Kirista ne, Bahaushe daga wajen Zariya, yana wanke gyambo da yin allura a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. Wurina yake kawo wandunansa na kaki in yi musu faci. Wata rana yana zaune yana jira aka buga kwano, na shiga, na fito ina dafe da ƙugu. Ya tambaye ni tun yaushe nake haka, na ce wata bakwai. Ya nemi izini ya leƙa tsakar gida, ya duba tazarar, ya dawo ya zauna.

"Malam, a haka kai ma kwanciya za ka yi," in ji shi. "Hannunsa na hagu yana da ƙarfi. Ka yi masa relin."

Na ɗauka reluwe yake nufi, na ce ina ni ina titin jirgi a tsakar gida. Ya yi murmushi, ya ce kalmomin 'yan uwan juna ne, amma ba shi ba ne. Ya rubuta mini ita a bayan takardar awo, haruffa bakwai, ban ga yadda suka yi daidai da abin da bakinsa ya faɗa ba. Ran Lahadi da ya fito daga coci ya biyo, muka taka tare. A tashar jirgin ƙasa ya nuna mini ƙarafan da mutane ke jeruwa a bayansu wajen yankar tikiti, ya ce wannan relin ne. A wajen Bata ya nuna mini na jikin matakalar wani bene, wanda wata tsohuwa ke dafawa tana saukowa, ya ce shi ma relin. Shekara nawa ina wuce waɗannan abubuwa, ƙarfe kawai nake ce musu.

A Sabon Gari muka sami wani mai gyaran famfo da ke da tsofaffin bututun ruwa jibge a bayan shagonsa. Ya ce katangar ƙasa ba za ta riƙe ƙarfe ba, sai an kafa ginshiƙai. Na nemo azara guda biyar, na haƙa ramuka da kaina bayan la'asar, kwana huɗu ina yi, ina tsayawa in ɗaga Baba in dawo. Mai famfo ya zo ya ɗaure bututun a kan azarar, daidai ƙugun mutum, daga bakin ɗaki har ƙofar bayan gida. Da rana ta yi sai na ga ƙarfen yana ƙona hannu. Na tattaro ƙyallayen shago na naɗe shi kaf, fari da shuɗi da ragowar kakin malamin.

Baba ya ƙi taɓa shi. Ya ce ya ga irinsa a tasha, inda ake tare talakawa kamar shanu a kara, yanzu kuma ɗansa ya kawo masa har gida. Bakinsa ya karkace, maganar ba ta fita sosai, amma faɗan yana fita. Idan Hausa ta ƙare masa sai ya koma Barbarci, wanda rabinsa kawai nake ji. Ya zagi bututun, ya zagi mai famfo, ya zagi Turawa da suka ƙirƙiro shi. Ni kuma ina ɗaga shi, muna bi ta gefen ƙarfen, yana kawar da kai.

Da malamin ya zo karɓar wandonsa ya tarar ana cikin wannan. Ya saurara daga zaure na ɗan lokaci, sannan ya ce mini a hankali abin da Baba ke yi ɗin nan, faɗan da ba ya ƙarewa a kan abin da mutum ba shi da ikon canzawa, shi ma a Turanci relin ne, rubutun ma iri ɗaya. Ya ce a littafi aka fi samunsa, ba kasafai ake faɗa a hanya ba. Na ce to ashe biyu gare ni a gida. Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ranar ko ɗaga kai daga keke wuya yake mini.

Wata biyu muka yi a haka. Ana saura kwana goma Sallah, ɗinki ya taru, na sunkuya da hantsi zan ɗaga Baba sai ƙuguna ya riƙe. Da rarrafe na kai ɗakina na kwanta a kan tabarma. Ina jin kwano yana ƙara, ina jin ana kiran sunana, ba ni da yadda zan yi. Matata ta ce ta je ta kira maƙwabci, na ce Baba ba zai yarda wani ya ga tsiraicinsa ba. Aka daɗe ana buga kwanon, sannan aka daina.

Matata ce ta ba ni labarin sauran, don daga madafa take hangowa. Ta ce Baba ya jawo jiki har bakin ƙofa, ya kama azarar farko da hannun hagu, ya miƙe sau uku yana komawa. A na huɗu ya tsaya. Ya riƙa zura hannu a kan ƙyallayen, yana jan ƙafar dama a ƙasa, yana hutawa a kowane ginshiƙi. Ita kuwa ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe, ba ta bari ya san ta gani ba. Kafin ya je ya dawo an kusa kiran azahar.

Kwana shida na yi a kwance. Malamin ya zo ya shafa mini wani man zafi, ya ce kada in ƙara ɗaga abin da ya fi buta. Masu ɗinki wasu suka jira, wasu suka kwashe yadinsu suka kai gaba, ban ga laifinsu ba. Da na fara fitowa na je gaishe da Baba, bai ambaci ƙarfen ba, ni ma ban ambata ba. Faɗan dai bai daina ba, sai dai ya koma kan tuwo da zafin rana da 'yan zamani.

Bayan damina, da na sake danne gindin azarar da ruwa ya sassauta, Baba ya kira ni. Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito.

"Abin nan naka," ya ce, "ba ya kaiwa zaure ne?"

Yana son ya zauna inda zai ga masu wucewa. Na ce zai kai, in Allah ya yarda. Na koma Sabon Gari, mai famfo ya ce bututun ya ƙare, sai wani watan. Na sami azara uku, na haƙa rami biyu a hankali saboda ƙugu. Kafin in haƙa na uku ciwon ya sake bugun Baba, wannan karon har da harshe. Kwana goma sha ɗaya ya yi bai ƙara tashi ba, ya rasu ranar wata Talata da safe.

Bayan sadakar bakwai na mayar da ƙasa cikin ramukan biyu, don masu zuwa gaisuwa suna ta tuntuɓe da su. Azarar uku na ba maƙwabcinmu, yana gyaran rufin ɗakinsa. Washegari na koma kan keke, akwai rigar wani ɗan dako da ta yi wata guda tana jiran a sa mata aljihu.