Jarumin da Aka Hana Mutuwa

A kasuwar Sabon Gari, dab da rumfar masu tura fim a waya, wani dattijo yana zaune gaban tabarmar littattafan Hausa. Hularsa ta koɗe, ƙafar tabaraunsa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Ban san sunansa ba.

Samari sun cika rumfar, suna musu a kan fim ɗin da aka yi da labarin wani tsohon littafin aljanu da mayaƙa. Ɗaya yana cewa masu sharhi a rediyo sun yi masa kaca-kaca, wai dodon ciki kamar bunsuru aka lulluɓa wa bargo. Wani yana rantsuwa bai taɓa ganin biki irin na jarumin da 'yar sarkin aljanu ba.

Dattijon yana jin su. Littafin na kan cinyarsa, bangon duk ya sha ɗinki. Daga yadda yake shafa shi, ina zaton rabin Fagge a wurinsa suka karɓi hayarsa, zamanin da sai an bi layi.

Ya buɗe shafin ƙarshe, ya miƙa wa saurayin da ke kusa da shi.

"Yaro, a nan jarumin mutuwa ya yi. Shi ya sa muka yi kuka."

Saurayin ko kallon takardar bai yi ba. "To ai an gyara, Baba."

Dattijon ya mayar da littafin kan tabarma, ya danne shi da dutse. Yanzu ban da iska, ba mai buɗe shi.