Dutsen Inna a Gaban Tarakta

Filin da ke bayan gidanmu a Staten Island, in ka shimfiɗa tabarma uku ka ajiye buta, to ya cika. A cikin wannan ɗan filin na dawo daga aiki wata Juma'a na tarar da tarakta. Ƙarama ce, irin wadda Turawa ke hawa su yanke ciyawar ƙofar gida, jan fentinta duk ya koɗe. Maigidana na tsaye a gefenta yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Na ce, "Baban yara, wace ciyawar za ka yanke da wannan? Tamu ai almakashi ma ya ishe ta."

Ya ce, "Ba ta ciyawa ba ce, Hajiya. Ta gasa ce."

Shi direban motar kai kaya ne. A wani ƙauyen Pennsylvania ya tsaya cin abinci ya tarar ana bikin manoma, ya ga manya-manyan mutane masu furfura sun hau irin waɗannan ƙananan taraktoci suna jan wani dogon amalanken ƙarfe. Shi amalanken, yana tafiya nauyinsa yana ƙaruwa, har tarakta ta kasa. Wanda ya fi nisa shi ya ci. Wannan abin ne ya shiga ran mutumin da ko ƙwan fitilar banɗaki sai na yi mako ina magana kafin ya canza.

Ya ce ajin gasar da zai shiga ba a yarda ka taɓa cikin injin ba, yadda kamfani ya ƙera shi haka za ka kawo shi. Na ce alhamdu lillahi, ashe ma babu aiki. Ina! Tun da an hana su taɓa injin, sai suka taɓa duk sauran abin da ke duniya. Yana da wani aboki makanike, ɗan zangon Kumasi, da ke zaune a Morris Heights. Duk Asabar wannan bawan Allah sai ya hau jirgin ƙasa, ya hau jirgin ruwa, ya sauka St. George, tashar tsibirinmu, da jakar sifanoni, ya zo ya taya mijina ɓata min gida. Suka cire wuƙaƙen yankan ciyawar suka jingine min a ƙofar kicin. Suka sa mata ƙafafun ƙarfe biyu a baya don kar ta tuntsure da shi. Suka ɗaura wata igiya da in an ja take kashe injin. Yau su sace iskar taya, gobe su mayar. Baƙin mai kuwa, har a jikin zannuwan da na shanya.

Duk wannan na haƙura. Maganar nauyi ce ta kawo rigima.

A gasar, tarakta da direbanta tare ake ɗora su a sikeli, kuma akwai iyakar da ba a wucewa. Kowa so yake ya je daf da iyakar, don nauyi shi ke sa taya ta kama ƙasa. Baya suka cika shi da ƙarafunan motsa jikin 'yarmu da ta tafi jami'a. Saura gaba, wanda in ba a danne shi ba sai ya ɗaga sama. Ana cikin azumi a lokacin. Kullum kafin shan ruwa sai ya hau sikelin banɗaki, ya sauko yana lissafi da yatsu. Rannan ina kicin ina niƙa citta, na ji mutum tsaye a kaina. Na ɗago na ga ba ni yake kallo ba, dutsen niƙana yake kallo.

"Hajiya, wannan dutsen zai kai nawa a sikeli?"

"Zai kai inda babu ruwanka."

Dutsen Inna ne. Ita ma a ɗakin uwarta ta gaje shi. Ranar da zan taho ƙasar nan, atamfofina na fitar daga akwati na bar wa ƙannena don ya samu wuri. Tsakiyarsa ta lotsa, ta yi sumul, saboda hannayen mata biyu da suka ƙare rayuwarsu a durƙushe a gabansa. Inna ta rasu ina nan ina jiran takardu, ko gawarta ban gani ba. In na ɗora hannu a wannan lotsawar, nan ne kaɗai nake jin kamar na taɓa ta. Ya san wannan sarai, shi ya ɗauko akwatin daga filin jirgi yana mitar nauyi.

Bai bar maganar ba. Wai faɗinsa daidai da gaban taraktar, wai nauyinsa shi ne cif abin da ya rage masa. Abokin ma ya sa baki, da Hausarsa ta Kumasi: "Hajiya, aro kawai, rana guda." Na ce su je su aro dutsen uwar wani. Baban yara ya ce zai sayo min injin markaɗe sabo fil. Na ce ina da biyu, kuma yajin da suke yi ko akuya ba za ta yi atishawa da shi ba. Na ɗauke dutsena na kai ƙarƙashin gado. Da na ga an ja gadon, na mai da shi cikin akwatin kayan sanyi. Mace da girmana, ina ɓoyon dutse a gidan aurena!

Haka muka yi ta yi har Babbar Sallah. Nan dole na fito da shi, don ba zan ba mutane nama da yajin leda ba. Na niƙa, na soya naman na cika babbar roba. Shi kuwa baban yara ya tare a gindin robar nan. Zai fita aiki ya ɗiba, ya dawo ya ɗiba, ya zo shan ruwa ma sai hannu ya faɗa ciki. Dutsen na wanke na kife a bayan gida ya sha iska, sai hidimar baƙi da aikin asibiti suka ɗauke min hankali.

Asabar ɗin da ta biyo baya ita ce gasar. Ya roƙe ni in raka shi, na ce to, in je in ga abin da ya haukata min miji. Taraktar suka ɗora a tirelar aro suka lulluɓe da tamfol. Muka isa filin, ga rana, ga ƙarar injuna, ga Turawa sun baje kujeru suna cin masara. Abokin ya yaye tamfol ɗin.

Dutsen Inna na gani a gaban tarakta. Sun huda shi. Wani ƙaton noti ya shiga ta tsakiyarsa ya fita ta baya.

Na juya wajen mijina. Na ce, "Baban yara, me ka yi?"

Ya kasa kallona. Ya ce doka ce, duk nauyin da aka ɗora sai an ɗaure shi da noti, igiya ba ta yi. Ya ce ƙaramin rami ne, zai toshe. Na ce me ya sa a tsakiya? Abokin ne ya amsa, ko kunya babu: "Nan ne ya fi siranta, Hajiya. Gefen ya ƙi huduwa."

Ya fi siranta mana. Hannun uwata ne ya sirantar da shi.

Ban yi ihu ba, don ba zan tara wa kaina Turawa ba. Aka kira su sikeli, na bi su a baya. Baban yara ya hau da hular kwanonsa. Matar da ke kula da sikelin ta duba, ta girgiza kai, ta ce sun wuce iyaka. Ya ce ba zai yiwu ba, ya auna komai. Na ce, "Ka auna, da bakin azumi! Robar naman wa ya cinye?" Ya cire takalmi, ya ciro makullai da waya daga aljihu. Har banɗaki ya je ya dawo. Matar ta sake girgiza kai, ta ce su sauke wani abu, mutane na jira.

Suka dubi juna. Abokin ya ciro sifana ya kwance notin. Mijina ya ɗauko dutsen da hannu biyu ya miƙo min. Ko taku ɗaya dutsen bai yi a filin gasar ba.

Ya dai shiga. Ana ɗaga tuta gaban taraktar ya tashi sama, ƙafafun ƙarfen nan suka tare ta, ta ɗan ja amalanken ta tsaya tana haƙar ƙasa. An ce min an tafa masa. Ni ina zaune a benci da dutse a cinya, yatsana na cikin ramin, ina kuka kamar ranar da aka bugo min waya daga Kano.

Haka muka dawo gida da dutsen a cinyata. Washegari baban yara ya shigo kicin da wani gam mai ruwan toka da aka ce yana kama dutse. Na ce in ya kusanto da abin nan, shi da taraktarsa za su kwana a titi. Ba za a liƙa min roba a inda Inna ta sa hannu ba.

Har yau da shi nake niƙa. Sai dai in sa faranti a ƙarƙashi, don rabin yajin ta ramin yake zuba. Duk sanda ya ji ƙarar ɗan dutsen, sai ya taso daga falo ya zo ya durƙusa ya riƙe min farantin. Ban taɓa ce masa ya zo ba, kuma ban ce masa ya tashi ba tukuna.